Ciwon Jijiya na Gado a Dawaki: Tambayoyi da Amsoshi kan Cutar da Haƙƙin da ke kan Mai Kiwo

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11 ta haifi ɗa guda. Akwai cututtukan ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi da ke shiga jikin wannan ɗan tun ranar da aka baye uwarsa, kuma da yawansu yau ana iya gano su daga gashin jelar iyayen kafin a haɗa su. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi cututtukan kansu, da abin da ya hau wuyan mai kiwo tun da gwajin ya samu.

Mene ne ciwon jijiya na gado?

Ciwo ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ko lakar da ta ratsa ƙashin wuya da na baya, ko jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka da hanji, wanda tushensa yana cikin ƙwayoyin halittar da doki ya gada. Ba a barga ake ɗaukarsa ba, ba sauro ko ƙuda ke kawo shi ba, tsabtar turke kuma ba ta hana shi. Doki yana da kuromosom 64, wato ƙunshin da ƙwayoyin halitta ke ciki, rabi daga ingarma, rabi daga goɗiya. Harafi ɗaya ya sauya ko ya faɗi daga rubutun DNA ya isa ya hana ɗan duƙushi tsayawa da ƙafafunsa. Tun da aka wallafa cikakken DNA na doki a 2009, wanda aka karanto daga wata goɗiya mai suna Twilight, gano irin waɗannan kurakurai ya ƙara sauri ƙwarai.

Uba lafiyayye, uwa lafiyayya. Ta ina cutar ta fito?

Wanda ya san yadda sikila take a mutane ya riga ya san amsar. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na fitowa SS. Yawancin cututtukan da za mu ambata haka suke tafiya. Ƙwayar mai laɓewa ce, ba ta bayyana sai ɗa ya karɓo ta daga ɓangarorin biyu. Dokin da ya gaji guda ɗaya yana sukuwa, yana cin gasa, yana tsufa, ba abin da zai nuna a jikinsa.

In aka haɗa masu ɗauke da ita guda biyu, a kowane ciki akwai kashi 25 na ɗa mara lafiya, kashi 50 na mai ɗauke da ita, kashi 25 na kuɓutacce. In kuwa mai ɗauke da ita ya haɗu da kuɓutacciya, ba za a sami mara lafiya ko ɗaya ba, sai dai kusan rabin 'ya'yan za su ɗauka.

Akwai kuma ƙwaya mai rinjaye, wadda guda ɗaya ta isa ta sa doki ciwo. Wannan hukuncinta daban ne, za mu zo kanta.

Wace cuta ce aka fi sani a dokin Larabawa?

Lalacewar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, wadda likitocin dabbobi ke taƙaita sunanta da CA. Ana haihuwar ɗan garau. Ya miƙe, ya sha dakashi, ya bi uwarsa. Sai tsakanin mako 6 da wata 4 a fara ganin kansa yana karkarwa, musamman in ya miƙa baki zai kama nono ko ya ɗauki ciyawa. Yana kusantar abin, karkarwar tana ƙaruwa. Yana tsayawa da ƙafafu a wawware. In zai taka, sai ya ɗaga ƙafar gaba fiye da kima ya sauke ta a sanƙare. Ka kai hannu wajen idonsa kamar za ka doke shi, ba zai ƙyafta ba, alhali yana ganinka sarai. Mafi muni, in ya firgita ya ɗaga ƙafafun gaba, ba ya iya auna inda zai tsaya, sai ya kife ta baya, ƙeya ta fara isa ƙasa.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne mutuwar wasu manyan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira Purkinje, waɗanda su ne ke daidaita motsi, su auna nisa da ƙarfin kowane taku. In sun mutu ba sa dawowa. Ƙarfin jikinsa yana nan, hankalinsa yana nan, yana gane mai ba shi abinci. Abin da ya rasa shi ne iko da gaɓoɓinsa, kuma wannan ne ke sa cutar ta yi wa mai kallo ciwo a rai.

A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano alamar cutar a kuromosom na 2. A cikin dawakan Larabawan da aka gwada a Amurka a lokacin, kusan ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ita. An kuma same ta a wasu ire-iren da jinin Larabawa ya shiga, kamar Trakehner da ƙananan dawakan Welsh.

Akwai wasu a wannan jinin?

Akwai. Ɗaya ita ce LFS, wadda ta fi yawa a zuriyar Masar. Ɗan yakan zo da gashi mai koɗaɗɗiyar kala, toka-toka ko ruwan hoda, ba ya iya ko zama a kan ƙirjinsa, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, ƙafafu suna ta fafutuka. Yana tsotsa da ƙarfi in an sa masa nono a baki, abin da ke sa masu shi su yi ta sa rai. Ba ya tashi. Da yake sau da yawa haihuwarsa takan zo da wahala, akan ɗauka iska ce ta yanke masa wajen naƙuda, a binne shi ba tare da an san gado ba ne. A 2010 aka gano kuskuren a ƙwayar MYO5A a Jami'ar Cornell, kuma wajen kashi 10 cikin 100 na zuriyar Masar da aka gwada a binciken suna ɗauke da shi.

Sai nakasar mahaɗar ƙoƙon kai da ƙasusuwan wuya na farko, wadda ke matse laka. A 2017 aka gano tushen wani nau'inta. Sai farfaɗiyar jarirai, ita ma a zuriyar Masar, mai farawa cikin watanni 6 na farko ta kuma daina da kanta in ɗan ya kai shekara ɗaya zuwa biyu. Haɗarinta raunin da yake ji in ya faɗi, shi ya sa ake ba shi magani har ya wuce lokacin.

Duk dokin da ke tangaɗi, gado ne ke nan?

A'a, kuma kuskure a nan yana iya cin rai. Ƙwayar cutar Yammacin Nil da sauro ke yaɗawa, da wata ƙwayar cuta mai suna EHV-1 mai bin barga tana kwantar da dawaki, da ciwon haukan kare, da sammore, da gubar masarar da ta yi fumfuna, da buguwa a kai ko wuya, duk suna kawo tangaɗi ko faɗuwa. A nahiyar Amurka akwai kuma EPM, ciwon ƙwaƙwalwa da laka da wata ƙwayar cuta ke kawowa. Wasu cikinsu suna da magani in an yi hanzari, wasu suna yaɗuwa, haukan kare kuma yana kama mutum. Dokin da ya fara layi yau da safe likita yake buƙata yau. Maganar gado ta biyo baya.

Me ya sa ba a zancen wannan batu sai an ambaci wani ingarma mai suna Impressive?

Domin labarinsa ya nuna yadda abin da mutane ke so a ido yake yaɗa cuta. An haife shi a 1969, irin Quarter Horse ne na Amurka, mai tsoka a murɗe fiye da duk tsararsa. A 1974 ya zama zakaran duniya a gasar kyan ƙira, wadda ake jan doki da ragama a tsayar da shi gaban alƙalai ba tare da an hau ba. Kowa ya so jininsa. Kafin ya mutu a 1995 ya haifi 'ya'ya fiye da 2,000, su ma suka yi ta lashe gasa, aka yi ta kai musu goɗiyoyi.

Tare da ƙirar nan ya bar musu cutar da ake taƙaita sunanta da HYPP. Asalinta a tsoka take, a ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi lokacin da jijiya ta ba tsoka umarni. Ƙofar ba ta rufuwa yadda ya kamata, sai tsoka ta yi ta harbawa ba umarni. Doki yana tsaye lafiya sai ka ga fatar haƙarƙarinsa da ta kafaɗa tana rawa, fatar cikin ido ta leƙo, gumi ya karyo, ƙafafun baya su saki ya zauna a kan gindinsa. Yana cikin hayyacinsa duk wannan lokaci. Wani ya tashi bayan mintuna, wani maƙogwaronsa ya shanye ko zuciyarsa ta tsaya.

Ƙwayar HYPP mai rinjaye ce. Mai guda ɗaya, wato N/H, shi ma mara lafiya ne, kuma rabin 'ya'yansa za su gada ko da wace goɗiya aka ba shi. Mai biyu, H/H, ciwonsa ya fi tsanani, kuma duk ɗan da ya haifa sai ya gada.

A 1992 aka gano kuskuren aka kuma samar da gwaji. Sai a kan 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Janairun 2007 ƙungiyar irin, AQHA, ta daina yi wa H/H rajista. N/H kuwa aka ci gaba da karɓarsa. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya sami ƙwayar a jikin fiye da rabin manyan dawakan gasar kyan ƙira da aka gwada, alhali a sauran irin ƙalilan ne ke da ita. Wato shekara 17 bayan samun gwajin, ba rashin sani ne ya riƙe cutar a filin gasa ba. Ana sane ake haifar su, domin su ke cin kofi.

Amma an ce ana iya lallaɓa mai HYPP da abinci.

Ana iyawa, kuma wanda ya riga ya mallaki irin wannan doki wajibi ne ya yi: a rage masa abinci mai yawan fotashiyam kamar ciyawar alfalfa da baƙin ruwan rake mai danƙo da ake cuɗawa a abincin dawaki, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan lokaci, a bar shi yana motsa jiki, likita ya ƙara da magani in ya ga dalili. Sai dai kula da wanda ya riga ya zo duniya daban, haifar wani da gangan daban. Ɗan da ka sayar zai canza hannu, ya faɗa wajen wanda bai san tarihinsa ba, a canza masa abinci, a ɗora masa yaro. A ganina babu hujjar sa mai HYPP cikin kiwo, N/H ne ko H/H, domin babu abokin haɗin da zai kare 'ya'yansa.

Gaskiya ne akwai farin ɗan duƙushin da ba ya rayuwa?

Gaskiya ne, kuma ciwon jijiya ne ko da yake a ciki yake bayyana. A dawakan Paint na Amurka akwai wani zanen danda da ake so, fari a gefen jiki da launi ya kewaye shi. Ƙwaya ɗaya ta EDNRB ke ba da wannan zane, kuma mai ita lafiya lau yake. In ɗa ya gaji biyu, sai a haife shi fari fat da shuɗayen idanu, ƙarshen hanjinsa babu jijiyoyin da ke tura abinci. Zai miƙe ya sha nono kamar kowa. Kashin farko ba zai fita ba, cikin sa'o'i ciki ya kumbura, ya fara birgima, ya mutu cikin 'yan kwanaki in ba a hutar da shi ba. Tun 1998 aka san tushen abin.

Abu biyu ke ruɗar mutane. Na farko, doki na iya ɗauke da ƙwayar ba tare da zanen ya fito a jikinsa ba, don haka ido ba ya isa shaida. Na biyu, ba kowane farin jariri ne mai wannan cuta ba. Akwai wasu ƙwayoyin da ke ba da fari ba tare da lahani ba. Kada a yanke wa jariri hukunci saboda launinsa kawai, a duba ko ya yi kashi, a ji ta bakin likita.

Me ya sa waɗannan cututtuka suka fi yawa a dawakan asali masu takarda?

Saboda an rufe kundin nasaba, ba jinin waje da ke shiga, kuma a ciki ma ingarmu kaɗan ne ke haifar yawancin 'ya'ya. Dokin Firiziyan na ƙasar Holand misali ne. An kafa kundinsa a 1879, amma ya zuwa 1913 ingarmu 3 kacal suka rage a cikinsa. Irin ya farfaɗo, sai dai ya farfaɗo da abin da waɗannan 'yan tsiraru ke ɗauke da shi. Cikinsu akwai taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa: kan ɗan tayi ya kumbura har ya kasa fita, ɗan ba ya rayuwa, uwar ma tana iya tafiya tare da shi. A 2015 aka gano tushenta a ƙwayar B3GALNT2.

Yau kuma da ake sanyaya maniyyi a aika shi ƙasashe, ingarma ɗaya yana iya cika irinsa da 'ya'ya fiye da yadda kakanninsa suka taɓa yi. Ko a dawakan tsere na Thoroughbred, inda doka ta ce sai ingarma ya hau da kansa, abin ya kai ƙungiyar Jockey Club ta Amurka ta sa a 2020 iyakar goɗiya 140 a shekara ga kowane ingarman da aka haifa daga wannan shekarar zuwa gaba. Manyan gonaki uku na jihar Kentucky suka kai ƙara, a Fabrairun 2022 ƙungiyar ta janye dokar.

Duk cututtukan suna da gwajin DNA?

Ba duka ba, kuma waɗanda ba su da shi su ne suka fi gwada amanar mai kiwo.

Akwai matsewar laka a ƙasusuwan wuya, wadda ta fi kama dogayen dawaki maza masu saurin girma. Gado yana da hannu a ciki, ɗura wa ɗan duƙushi hatsi don ya yi saurin cika ido shi ma yana da hannu. Da hoton ƙashin wuya ake gano ta, wani lokaci a yi tiyata a haɗe ƙasusuwan.

Akwai EDM, lalacewar laka da ke bin dangi, wadda ke bayyana in ɗan da ya gaji raunin ya rasa isasshen bitamin E a farkon rayuwarsa. Ɗanyar ciyawa ce babbar hanyar samun bitamin ɗin. Busasshiya tana rasa shi da daɗewar ajiya. Ba wa goɗiya mai ciki da ɗanta ƙarin bitamin E yana rage aukuwar cutar a dangin da ke da ita, amma ba ya mayar da lakar da ta riga ta lalace. Tabbacin cutar ma sai bayan mutuwa, in an duba lakar.

Akwai kuma makyarkyatar ƙafar baya a manyan dawakan jan kaya da dogayen dawakan wasanni. Gaba yana tafiya lafiya. Ka ce ya ja da baya, ko mai gyaran kofato ya ɗaga ƙafar, sai ta ɗage gefe ta tsaya a sama tana rawa, jela ta miƙe.

A irin waɗannan, takardar gwaji ba za ta cece ka ba. Abin da ke hannunka shi ne tarihin dangi. Ingarman da ya ba da 'ya'ya masu tangaɗi daga goɗiyoyi daban-daban a gonaki daban-daban ya riga ya ba da shaida, ko ba sunan ƙwayar.

Yaya ake yin gwajin?

A tsige gashi 20 zuwa 30 daga geza ko jela, da saiwarsu, domin a saiwar DNA yake. Gashin da aka yanka da almakashi ba shi da amfani. A jariri gashin jela ya fi. A sa a busasshen ambulan na takarda a aika ɗakin gwaje-gwaje. Sau ɗaya ake yi a rayuwar doki, sakamakon ba ya canzawa. Zai zo da haruffa: N/N kuɓutacce, N/CA mai ɗauke da ita, CA/CA mai cutar, haka sauran. Ka lura, gwajin cuta ɗaya ba ya cewa komai a kan wata. Kuma in ciniki ne, ya fi kyau likita ya tsigi gashin ya haɗa da shaidar dokin, don kada takardar wani ta bi wani.

Ingarmana ya fito mai ɗauke da CA. In dandaƙe shi?

Ba lallai ba. A nan ne masu kyakkyawar niyya kan wuce gona da iri. In ɗaya cikin biyar na irin yana ɗauke da ƙwayar, ka cire su duka rana ɗaya, ka zubar da kashi 20 cikin 100 na jinin da dama can bai da faɗi. Waɗanda suka rage za su ƙara kusantar juna, wata ƙwayar da ke laɓe, wadda ba a ma san da ita ba tukuna, ta sami hanyar fitowa. A Quarter Horse ma sai a 2020 aka gane wata sabuwar cutar tangaɗin jarirai ta gado.

Hanyar da ta fi ita ce a tambayi ko dokin ya cancanci kiwo tun asali: ƙira, ƙafafu, hali, aiki. In matsakaici ne, ƙwayar ta zama ƙarin dalilin fiɗiye shi, ya yi rayuwarsa ta dokin hawa, ba abin da ya rage shi da shi. In kuwa fitacce ne, a ba shi goɗiyoyin da aka gwada aka tabbatar kuɓutattu ne, su kaɗai. A gwada 'ya'yan. Rabinsu ba za su ɗauka ba, a cikinsu a zaɓi magajinsa. Haka jinin zai ci gaba, ƙwayar ta tsaya a baya, kuma ba a haifi mara lafiya ko ɗaya a hanya ba.

Sharaɗin duk wannan shi ne faɗin gaskiya. Ingarman da ke ɗauke da ƙwaya kuma kowa ya sani ba shi da haɗari. Wanda aka ɓoye shi ne mai haɗarin.

Kashi 75 za su fito lafiya. In na yarda da asarar, laifin me na yi?

Da farko lissafin ba ya tsayawa a ciki ɗaya. Ka maimaita haɗin nan sau 4, yiwuwar samun aƙalla mara lafiya ɗaya ta kai kashi 68 cikin 100. Kuma samun mara lafiya bana ba ya kare na baɗi.

Na biyu, asarar ba taka ba ce kai kaɗai da za ka ce ka yarda da ita. Kai kuɗin baye da shekara guda ka rasa. Wanda zai kwana yana birgima da hanjin da ba ya aiki, ko ya yi ta kifewa ta baya har ya fasa ƙeya, ba a tambaye shi ba. Goɗiyar da za ta yi naƙudar ɗa mai kumburarren kai ita ma ba a tambaye ta ba.

Wasu kan ce lafiya da ciwo duk na Allah ne. Haka ne. Amma dokin gida ba shi ke zaɓar goɗiyar da zai baye ba, mutum ne ke riƙe da ragamar ya kai shi. Wanda ya haɗa su kafin a sami gwaji ba shi da laifi, bai sani ba. Wanda ya haɗa su yau da sakamako a aljihu, ko ya ƙi yin gwajin don kada ya sani, zaɓi ya yi.

Dole ne in gaya wa mai saye ko mai goɗiya?

Dole ne, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. Ɓoye aibin da ka sani a ciniki algus ne, kuma wannan aibin ba ya tsayawa a kan mai saye, yana bin zuriya. Na san tsoron da ke sa mutane yin gum: da zarar an ji, goɗiyoyi za su ragu, darajar ingarma ta faɗi. Tsoron ba na banza ba ne, kuma masu saye suna da hannu a ciki, domin in ana guje wa duk wanda ya faɗi gaskiya ana ruguwa wajen wanda bai yi gwaji ba, an koya wa kowa ya yi shiru. Mai kiwon da ya rubuta N/CA a tallan ingarmansa ya fi cancantar amincewarka a kan wanda bai rubuta komai ba.

Haka in ɗa mara lafiya ya fito daga goɗiyarka, sanar da mai ingarman. A cuta mai laɓewa, ɗan ya tabbatar da cewa iyayen biyu suna ɗauke da ita, don haka babu wanda zai nuna wa wani yatsa, kuma akwai sauran masu goɗiyoyi da ya kamata su ji.

Ƙungiyoyi da hukumomi fa, me suke yi?

Sun bambanta. A 2015 AQHA ta wajabta wa ingarmun kiwo gwajin cututtukan gado guda biyar, har da HYPP. A Jamus, sashe na 11b na dokar kare dabbobi ya haramta kiwon da ake sa ran zai jawo wa 'ya'ya ciwo ko wahala ta hanyar gado. Wasu kundayen shawara kawai suke bayarwa.

Amma doka ba ta kai alƙalin gasa ƙarfi ba. Muddin tsokar da ta wuce kima ko wani launi shi ke kawo kofi da kuɗin baye, za a ci gaba da haifar abin da ke tafe da su. Ƙungiyar da ke buga gargaɗi a takardar rajista da hannu ɗaya tana miƙa kofi ga mai cutar da ɗaya hannun ba ta gama aikinta ba.

Ba za a iya tace ɗan tayi ba?

Ana iyawa. A wanko ɗan tayin daga mahaifa yana ɗan mako guda, a ɗebi 'yan ƙwayoyi a gwada, a dasa lafiyayyen a wata goɗiya. Yana da tsada, yana buƙatar ƙwararru, kuma ba kowane kundi ya yarda da shi ba. Na Thoroughbred bai yarda ba. Ga yawancin masu kiwo, canza ingarma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

An riga an haifi mara lafiya. Yanzu fa?

Ya danganta da cutar. Mai LFS da farin da hanjinsa ba jijiya ba su da magani, kowace sa'a da aka ƙara musu wahala ce. In likita ya tabbatar, a hutar da su da wuri. Mai farfaɗiyar jarirai yana da kyakkyawan fata, a yi masa shimfiɗa mai taushi, a ba shi maganinsa.

Mai CA shi ne mai wuyar hukunci, domin tsananinta ya bambanta. Wani yakan koyi zama da ita a fili mai laushi, marar gangara, da abokin kiwo mai sanyin hali, ya yi shekaru. Wani kullum da sabon rauni. A kowane hali ba a hawansa, ba a sa shi kiwo, ba a kuma sayar da shi ga wanda bai sani ba. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: yana iya tashi da kansa, ya ci, ya sha, ya wuni ba tare da ya ji ciwo ko ya ji wa mai kula da shi ba? Ranar da amsar ta zama a'a, ci gaba da riƙe shi don kanka ne, ba don shi ba.

Me zan nema kafin in biya kuɗin baye?

Fara da goɗiyarka: gwada ta a kan cututtukan da aka sani a irinta, da na duk irin da ya shiga jininta. Sannan ka nemi takardar gwajin ingarman, daga ɗakin gwaje-gwaje, mai ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa. "Ai bai taɓa haifar mara lafiya ba" ba takarda ba ce, domin mai ɗauke da ƙwaya yana iya haifar 'ya'ya da yawa lafiyayyu in bai gamu da irinsa ba. Tambayi 'ya'yansa na baya, har da waɗanda suka mutu da ƙuruciya da dalilin mutuwarsu. Duba nasabar ɓangarorin biyu ka ga sau nawa suna ɗaya ya maimaitu. In mai ingarman ya ƙi nuna takarda, ka lissafa shi a matsayin mai ɗauke da ƙwayar. In goɗiyarka ma tana ɗauke da ita, nemi wani ingarman.